Kara biyu a rana ma shan taba ne? Ina neman hanyar rabuwa da ita

Tela_KasuwarBarci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta muhawarorinku ban taɓa tsoma baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Ni tela ne a Kasuwar Barci. Shekara tara ke nan ina shan sigari, amma ban taɓa sayen kwali da kuɗina ba. Kara ɗaya bayan abincin rana, a bayan shago, sai ɗaya ko biyu da dare a majalisarmu wajen mai shayi. Wata rana ma ko ɗaya ba na sha. Da azumi nakan wuni ba ta faɗo mini a rai ba. Shi ya sa ko a asibiti aka tambaye ni ko ina shan taba, a'a nake cewa, kuma har zuciyata ban ɗauka ƙarya nake yi ba.

Makon jiya 'yata mai shekara biyar ta rugo ta rungume ni, sai ta saki ta ja da baya ta ce, "Abba, rigarka tana warin hayaki." A daren ban runtsa ba. Washegari na je wani kemis neman cingam ɗin nan na masu barin taba, mai shagon ya ce wannan na masu shan kwali guda ne, naka ai ba komai ba ne, ka bari kawai. To sau huɗu ina bari. Mafi daɗewa kwana 19 na yi na koma.

Ƙanina da ke jami'a ya ce akwai binciken da ake yi a kan irinmu masu sha jefi-jefi, wai ba ƙwaya ake ba mu ba, zama ake yi da mutum a sauya masa ɗabi'a. Gaskiya ne? Yaya ake yin sa? Kuma mu a nan Kaduna wa zai yi mana?

AbuHanifa_Kawo

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutumin da ya iya riƙe bakinsa daga alfijir zuwa faɗuwar rana wata guda cur, ba ya buƙatar wani bincike. Ka yi niyya tsakaninka da Allah, ka tashi cikin dare ka roƙe Shi, ka watsar. Kara biyu fa. Allah Ya yaye maka.

DanPanteka

@AbuHanifa_Kawo Malam, da niyya kaɗai take isa da tuni ya bari, ai ya ce sau huɗu yana yi. Wanda bai taɓa sha ba gani yake kamar cire hula ne. Addu'a kam dole ce, amma a ɗaure raƙumi tukuna.

Sista_Malali

Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma amsar da kake bayarwa a asibiti ita ce wadda muke ji kullum. Shi ya sa na daina tambayar mutum "kana shan taba?" Yanzu cewa nake, "yaushe rabonka da zuƙar sigari, ko da kara ɗaya ne?" Nan take amsa take canzawa.

Mai kemis ɗin nan ya yi kuskure da ya ce ba komai ba ne. A 2018 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da Farfesa Allan Hackshaw na Landan ya jagoranta, inda suka tattara bincike 141. Abin da suka gano shi ne mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Kai a lissafinka ɗaya cikin ashirin za ka zata. Jijiyoyin jini ba haka suke lissafi ba. Hayaki kaɗan ya isa ya sa jini ya riƙa saurin daskarewa, ya kuma ɓata cikin jijiya.

Ban faɗi wannan don in tsorata ka ba. Don ka san damuwarka tana kan hanya ne, kada wani ya raina maka ita.

Yaro_Badarawa

To in haka ne Anti, mai shan ɗaya da mai shan kwali ai duk kanwar ja ce. Meye amfanin ragewa?

Malamin_Lissafi

@Yaro_Badarawa a'a, kada ka ɗauke shi haka. Maganar da Sista ta kawo a kan zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce. Sankarar huhu kuwa tana bin yawan abin da ka sha da kuma yawan shekarun da ka yi kana sha, mai kwali ya fi mai kara ɗaya shiga haɗari nesa ba kusa ba. Abin da nazarin yake nunawa shi ne ragewa ba ta kai mutum tudun mun tsira. Tun a 2005 wani bincike a ƙasar Norway ya nuna masu shan kara 1 zuwa 4 a rana haɗarin mutuwarsu da ciwon zuciya ya kusan ninka na marasa sha sau uku.

Kuma Malam Tela ba shi kaɗai ba ne. A ƙidayar masu amfani da taba da aka yi a Najeriya a 2012, kashi 3.9 cikin ɗari na manya ne ke shan taba, amma masu sha kullum kashi 2.9 ne. Wato kusan mutum ɗaya cikin kowane mashaya huɗu ba kullum yake sha ba. Ƙidayar ta tsufa, amma ta nuna ba 'yan kaɗan ba ne.

Dalibar_Halayya

Yaya Tela, ƙaninka gaskiya ya faɗa maka. Ina karatun digiri na biyu a fannin halayyar ɗan'adam, bari in faɗi abin da na sani gwargwadon iko.

Shekaru da dama masu gwajin magungunan barin taba ba sa ma ɗaukar irinku. Yawanci sai mai shan kara 10 ko fiye a rana ake sa wa cikin gwaji, don an ɗauka mai shan kaɗan zai bari da kansa. Wani masani a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Saul Shiffman, yana cikin waɗanda suka ce a tsaya a duba. Ya riƙa ba mutane 'yar na'ura su riƙe a aljihu, duk lokacin da suka kunna sigari su shigar da inda suke, da wa suke tare, me suke yi, yaya ransu yake. Sai aka ga bambanci ƙarara. Mai shan kwali agogon jikinsa ne ke tashinsa: nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, yana raguwa da rabi a jini cikin kamar awa biyu, sai jiki ya nemi a ƙara masa, ko a ina yake. Mai sha jefi-jefi kuwa wuri ne ke kiransa, da mutane, da lokaci. Idan babu su, sai ya yi kwanaki bai tuna ba. Kuma an ga su ma yawancin yunƙurinsu na bari yakan rushe, duk da ba sa galabaita kamar manyan mashaya.

Ka duba labarinka da kanka. Da azumi ba ta damunka da rana, saboda babu abincin rana, babu fita bayan shago. Amma ina da tabbacin bayan tarawi kana komawa majalisa.

Shi kansa maganin ba wani abin ɓoye ba ne. Mako na farko ba a ce maka ka bari. Takarda za ka riƙe, kowace kara ka rubuta lokaci, wuri, wanda ya miƙo maka, da abin da ya faru minti biyar kafin nan. Bayan mako sai ku zauna da mai ba da shawara ku dubi takardar, za ka ga wurare uku ne ko huɗu suke ta maimaituwa. Sai a ɗauki kowanne a yi masa shiri tun kafin ya zo, a bayyane, ba a dunƙule ba. Ba "zan daure" ba. Sai dai "idan na wanke hannu bayan abinci, zan ɗauki aswaki in taka zuwa masallaci, ba zan bi ta bayan shago ba." "Idan wane ya miƙo mini, zan ce na bari, in sa hannu a aljihu." Har gwada faɗin kalmomin ake yi da baki a ɗakin, don ranar da abin ya zo kada harshe ya sarƙe. Daga nan a sa ranar bari, a sanar da mutane, a kuma riƙa bibiyarka mako-mako. Akwai kuma koyon zama da sha'awar idan ta taso: ba ta wuce 'yan mintoci, takan hau ta sauka kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Mutum ya sha ruwa, ya ja numfashi, ya duba agogo ya jira ta wuce.

Abu na ƙarshe da ake aiki a kai shi ne tunanin nan na "kara ɗaya ai ba komai". Ga mai shan kwali wannan tunani ba ya samun wurin zama sosai, ya san halinsa. Ga irinku shi ne babban tarko, domin gaskiya ne kara ɗaya ba za ta mai da kai mai shan kwali ba. Za dai ta mai da kai inda ka baro.

Tela_KasuwarBarci

@Dalibar_Halayya wallahi ƙanwata kamar kina wurin. Bayan tarawi kuwa har uku nake sha. Kuma kwana 19 ɗin nan da na yi, abin da ya karya ni ɗinkin sallah ne. Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ga kayan mutane jibge a kan tebur, wata mata ta kira ni sau shida. Yaron maƙwabcin shagona ya kunna, na ce ba ni in ja sau ɗaya. Shi ke nan.

AbuHanifa_Kawo

Ni fa abin da nake gudu shi ne a mai da komai cuta. Gobe mai cin goro ma a ce sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Kakanninmu da suka bar tabar gargajiya wane masani suka gani? Kuma mu faɗi gaskiya, malamai da yawa sun yi fatawar haramcinta saboda cutarwa da almubazzaranci. Wanda ya riƙe wannan a zuciya ya ishe shi.

Ummu_Khalil

Malam AbuHanifa, Allah Ya ƙara ilimi, amma bari in faɗa maka ta ɓangaren mu matan gida. Maigidana ya san hukuncin sarai, ba ya rasa sahun farko. Shekara shida ina aure da shi kafin in san yana sha, don a gida bai taɓa kunnawa ba. Sai ya je ɗaurin aure ko ya haɗu da abokan makarantarsu. Ya dawo da alewar Tom Tom a baki da turare a riga. Ranar da na tsinci ashana da guntun kara a aljihun kaftaninsa ina wanki, zama na yi a bakin famfo na yi kuka, ba don tabar ba, don ɓoyon.

Wa'azi na yi masa, fushi na yi, har kwana biyu ban yi masa magana ba. Duk bai yi ba, sai ma ƙara ɓoyewa. Abin da ya yi aiki shi ne ranar da na sauke murya na ce, Abban Khalil, gaya mini lokutan da take zo maka. Ya lissafa. Muka yi yarjejeniya duk ranar da zai je cikin abokan nan zai kira ni kafin ya shiga da bayan ya fito, ba don in tuhume shi ba, don ya san akwai mai jiransa. Kuma ya gaya wa babban amininsa a cikinsu cewa kada a ƙara miƙo masa. Yau wata 14. Ban san sunan abin a boko ba, amma da na karanta bayanin Dalibar_Halayya sai na ga ai kusan shi muka yi.

Addu'a ba mu fasa ba ko dare ɗaya. Biyun muka haɗa.

AbuHanifa_Kawo

@Ummu_Khalil Hajiya na karɓi wannan. Allah Ya saka miki, Ya ƙara zaman lafiya. Ni dai kada a ajiye addu'a gefe, shi ne nawa.

Kemis_TudunWada

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, dole in ce wani abu a kan cingam ɗin. Abokin sana'ata ya yi daidai rabi, ya yi kuskure rabi. Shi wannan Shiffman da aka ambata ya gwada cingam mai nikotin a kan masu sha ba kullum ba, aka ba wasu na gaske wasu na bogi, duka kuma ana ba su shawara. Sakamakon da ya fito bai nuna cingam ɗin ya ƙara wani abin a zo a gani ba. Don haka ba shi ne makamin farko ga mai kara biyu ba. Amma cewa mutum "ka bari kawai" ka sallame shi, wannan ba taimako ba ne.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo ita ce: idan ka tashi da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko? Wanda yake kunnawa cikin rabin awa, ko da biyar yake sha a rana, jikinsa ya kamu, magani zai iya yi masa amfani, ya ga likita. Wanda sai azahar ko dare, aikin yana wajen ɗabi'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan taimaka wa manya su bar taba a watan Yulin 2024. A ciki ta ce ko shawarar daƙiƙa 30 zuwa minti 3 daga ma'aikacin lafiya tana da amfani, sannan zama na musamman ɗaya-ɗaya ko a rukuni ko ta waya, har da saƙon tes. Ta kuma lissafa magunguna. Don Allah kada kowa ya je ya sayi ƙwayar barin taba da kansa, wasunsu ba sa jituwa da masu farfaɗiya da wasu cututtukan.

DirebanAbuja

Ni nawa a hanya ne. Ina jan Sharon tsakanin Kaduna da Abuja. A gida ko a tasha ba na sha, amma da na wuce Kateri barci ya fara fizgata, sai in tsaya in ja ɗaya. To ni wane aswaki zai hana ni gyangyaɗi da fasinja bakwai a mota? Ku ba ni amsa ta gaskiya.

Sista_Malali

@DirebanAbuja amsa ta gaskiya ita ce matsalarka barci ce, sigarin rufe ta yake yi na ɗan lokaci. Awa nawa kake kwanciya kafin ka ɗau hanya? Tsayawar da kake yi ka fito ka miƙe ƙafa tana cikin abin da ke wartsake ka, ba hayaƙin kaɗai ba. Ka riƙe tsayawar, ka wanke fuska, ka sha shayi. Idan idon ya yi nauyi da gaske ka nemi wuri mai jama'a ka runtsa minti goma sha biyar. Rayukan da ke bayanka sun fi sawu ɗaya.

DirebanAbuja

Awa huɗu, wata rana biyar. Na ji, Sista.

Bazazzagi59

'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Mu da muka tashi a Zariya mun san lokacin da kamfanin taba na NTC yake cikin manyan wuraren aiki a garin. A 1959 aka buɗe masana'antar, shekarar da aka haife ni. Manoma a ƙauyuka suna noma ganyen, wanda ya samu aiki a can kuwa ana yi masa kallon ya haye. A zamaninmu saurayi ya saka kwali a aljihun gaba don a gani. Ba wanda ya ce mana tana kisa.

Ni ma ban taɓa wuce uku a rana ba, shekara talatin da wani abu. Ina ce wa kaina ni ai mai tsari ne. Sai da hawan jini ya kwantar da ni, hannun hagu ya yi nauyi, bakina ya ɗan karkace, sannan na bari. Alhamdulillahi na tashi, amma har yau maɓallin riga jikata ke saka mini. Tela, ɗana, kai da hannu kake ci. Kada ka jira irin ranata.

Tela_KasuwarBarci

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta shige ni.

DanPanteka

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sayar da ita ɗai-ɗai. Duk mai tebur a bakin titi ya buɗe kwali ya ɗaure leta da zare a jikin teburin. Da a ce dole sai kwali guda, irin su Tela da yawa ba za su saya ba, don ba su da inda za su ɓoye shi a gida. Kara ɗayan nan ita ke riƙe da mu.

Malamin_Lissafi

@DanPanteka ai doka ta riga ta hana. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai a kwali mai 20, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. An fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019, kuma daga 2021 aka fara sa hotunan gargaɗi a jikin kwali. Amma ka lura da wani abu: mai sayen kara ɗaya ba ya ma ganin hoton, kwalin yana hannun mai tebur.

Yaro_Badarawa

To mu masu shisha fa? Ni ban taɓa sa sigari a baki ba, sai dai ranar Asabar mu haɗu da abokai. Ai ruwan yana tace dattin.

Sista_Malali

Ƙanina, ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi. Taba ce a ciki an sa mata ƙamshin 'ya'yan itace, ga gawayi a sama yana ƙara maka iskar guba, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Kuma zama ɗaya kukan kai awa kuna zuƙa. Kai ma kana cikin mutanen da ake magana a kansu tun daga sama, Asabar ɗinka ita ce majalisar Tela.

Shugaban_Zaure

Jama'a a dawo kan tambayar mai tambaya. Maganar shisha a buɗe mata nata zaren. Har yanzu ba a gaya masa inda zai je a Kaduna ba.

Dalibar_Halayya

Gaskiya ne ranka ya daɗe. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da masana halayya da masu kula da matsalar shaye-shaye. Manyan asibitocin koyarwa ma, Barau Dikko a nan cikin gari da na Shika a Zariya, suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka je ka ce kana son ganin mai ba da shawara a kan barin taba. Ko likitan da kake gani kullum, idan ka faɗa masa gaskiya, zai iya bibiyarka.

Tela_KasuwarBarci

Barnawa kuma? Ƙanwata, idan wani ya gan ni a ƙofar nan, kafin la'asar labari ya zaga kasuwa cewa tela ya taɓu. Wa zai ƙara kawo mini shadda?

Ummu_Khalil

Wannan tsoron gaskiya ne, kada a raina shi. Maigidana ma da na ambata masa cewa ya yi ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai je ba.

Sista_Malali

Na fahimta, kodayake yana yi mini ciwo. Masu rashin barci da masu damuwa da ɗalibai masu fargabar jarrabawa duk suna zuwa wurin, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba. Amma ba zan ce dole ba. Ka fara da takardar nan ta mako ɗaya, ka samu mutum ɗaya da zai riƙa tambayarka. Idan ka sake faɗuwa sau ɗaya ko biyu, to ka daure ka nemi ƙwararre, ko a wani asibitin ne.

Malamin_Lissafi

Bibiya ta waya ma ba abin rainawa ba ce. A Birtaniya an yi wani gwaji da mutum 5,800 da aka buga a 2011, aka riƙa tura wa rabinsu saƙonnin ƙarfafa gwiwa da dabaru. Bayan wata shida kashi 10.7 cikin ɗari sun bari, a ɗaya rabin kuwa kashi 4.9. Ninki biyu ke nan, amma ku lura, ko a hakan tara cikin goma ba su bari a wannan karon ba. Saboda haka faɗuwa huɗu da Tela ya yi ba abin kunya ba ne, haka abin yake ga yawancin mutane.

Akwai wani kuma da ya burge ni a ƙasar Filifin. Wani banki ya buɗe wa masu son bari asusu, suna zuba kuɗin da da taba za su saya. Bayan wata shida a gwada fitsarinsu. Wanda ya bari ya kwashi kuɗinsa, wanda bai bari ba a ba da kuɗin sadaka. Mutane kaɗan ne suka yarda suka shiga, amma ya ƙara yawan masu bari.

DanPanteka

Malam ai wannan adashi ne! Mu a garejinmu mun yi irinsa mu huɗu ba tare da mun san wani ya yi bincike ba. Kullum da yamma kowa ya ba maigidanmu kuɗin tabarsa ya jefa a gwangwanin madara da muka huda. Sharaɗin shi ne wanda aka kama ya sha, rabonsa ya tafi asusun masallacin layi. Mu biyu muka kai wata shida, ɗaya ya faɗi a sati na uku, ɗaya kuma ya bar garejin. Abin da ya fi taimaka mini ba kuɗin ba ne, idon sauran ne. Kuma na canza wurin zama a wajen mai shayi, na koma bencin da dattawa suke, inda ba mai iya kunnawa.

Goro ne dai na kama a madadin, har haƙorana suka yi ja. Yanzu shi nake fama in rage.

Kemis_TudunWada

@DanPanteka mai hawan jini ko gyambon ciki ya yi hankali da goro. Kanumfari ko aswaki ko 'yar gyaɗa sun fi sauƙi. Kuma kada wani ya koma tabar shaƙa ko ta ƙasan leɓe yana cewa ya bari, nikotin ɗin ne dai.

AbuHanifa_Kawo

Shawarar komawa bencin dattawa ta yi mini. Ai dama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma ina ganin gara ya bar majalisar gaba ɗaya.

Dalibar_Halayya

@AbuHanifa_Kawo a makonni biyu ko uku na farko na yarda, nisantar ta fi. Amma har abada? Mutanen nan su ne abokansa, su za su zo masa suna da jana'iza. Idan bari yana nufin ya rasa kowa, zuciya za ta ƙi. Gara ya koma da shirinsa, ya zauna cikinsu sau da yawa bai sha ba, har wurin ya daina kiransa. Masana ma sun bambanta a kan yaushe ya kamata mutum ya koma, ya danganta da mutumin.

Tela_KasuwarBarci

Na dawo, jama'a. Kwana takwas ke nan ina rubutu a bayan littafin awo, shafin da nake rubuta tsawon riga da faɗin kafaɗa. Kara 17 na sha. Goma sha ɗaya a ciki mutum ɗaya ne ya miƙo mini, amini na tun muna firamare. Ban taɓa lura ba sai da na gani a rubuce. Huɗu bayan abinci, biyu kuma ranar da wani ya dawo mini da ɗinki yana faɗa a gaban yarana.

Jiya na same shi shi kaɗai na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce shi ma matarsa ta daɗe tana magana, amma bai shirya ba tukuna. Ya dai yi alkawarin ba zai ƙara miƙo mini ba, kuma zai riƙa tashi gefe idan zai kunna. Na gaya wa maman yara ita ma, karon farko a shekara tara. Na sa ranar Juma'a mai zuwa. Abin da ban samo wa dabara ba shi ne gidan kallon ƙwallo, ga wasa ranar Lahadi, kwana biyu kacal da barina. Da kuma ɗinkin sallah idan ya zo.

DanPanteka

Ranar Lahadi ka zo Panteka mu kalla a shagon maigidanmu, ba a kunna taba a wurin. Ka yi mini magana ta akwatin sirri in kwatanta maka.

Ummu_Khalil

Yaya maman yaran ta karɓi maganar?

Tela_KasuwarBarci

@Ummu_Khalil cewa ta yi ta sani tun shekarar farko, jira take in faɗa da bakina.

Mai_Gadi_Kakuri

Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Ni aikin dare nake yi, ni kaɗai a bakin get daga ƙarfe bakwai zuwa asuba. Ba majalisa, ba mai miƙo mini, amma wajen ƙarfe uku idan sanyi ya sauko sai na ja ɗaya. @Dalibar_Halayya ni me zan rubuta a takardar, tunda ba kowa a wurin?